Korbinian da 'Yar Gida

A ƙauyenmu na ƙasar Hallertau, in ka ji mutum ya ce zai leƙa lambu, ba kabeji ko albasa zai je dubawa ba. Hofen yake nufi, tsiron nan mai yaɗo da ke bin waya ya hau sama har ya wuce gidan bene, wanda furensa ke ba giya ɗacinta da ƙamshinta. Da shi muke ci, da shi muke aurar da 'ya'ya, a kansa muke faɗa da juna. A cikin duk mutanen da na san sun ƙare kwanakinsu a ƙarƙashin wayoyin nan, babu wanda labarinsa ke tsaya mini a wuya kamar Korbinian Haslbeck.

An haife shi a 1921, ana tsakiyar girbi. Uwarsa ta ajiye kwandon tsinkar fure da hantsi, kafin yamma ta sauka, shi ya sa tsofaffin mata ke cewa da ɗaci aka yi masa wankan farko. Ya tashi dogo, siriri, mai ƙaton hanci, kuma duk abin da ya mallaka a duniya babu wanda yake taƙama da shi kamar hancin nan. Yaƙi ya ɗauke shi yana ɗan shekara sha tara, ya maido shi bayan shekara bakwai da yatsu takwas. Bai taɓa faɗa wa kowa inda ya baro biyun ba. Labari ɗaya kawai yake bayarwa, na ranar dawowarsa: kafin ya shiga ya gai da uwarsa sai da ya ratsa ta lambun ubansa, ya tsinki fure ɗaya ya murtsuke a tafin hannu ya shinshina, sannan ya yarda cewa lallai gida ya iso.

A wancan zamani iri ɗaya kowa ke nomawa, wanda muka gada kaka da kakanni. Yana da sunansa a takardun hukuma, amma mu 'yar gida muke ce mata. Ba ta da yawan haihuwa, ga shagwaɓa, iska kaɗan ta ɓata mata rai. Amma in ka buɗe furenta ka murza garin nan mai ruwan ɗorawa da ke ciki, ƙamshin da zai bugi hancinka sai ka rasa da me za ka kwatanta shi. Korbinian ya ce ciyawar da aka yanka da sassafe ce, da ɗan yaji a ƙarshe. Ban yi masa musu ba, don ba a yi masa musu a kan wannan.

Ya auri Kreszenz, da muke kira Zenta, a 1950. 'Yar wani gida ce da ke kan tudu, mace mai ƙarancin magana da yawan aiki. Ta zo masa da gona guda, gadonta, ta kuma zo da ƙananan dashen tuffa goma sha huɗu daga gidan uwarta, ta dasa su da hannunta a filin bayan gida a watan da aka ɗaura auren. Ta san kowace bishiya da halinta, wadda ke nuna da wuri, da wadda sai an ajiye 'ya'yanta a ɗakin ƙasa har Kirsimeti kafin su yi zaƙi. Ɗa guda Allah ya ba su. Ya girma ya ce shi ba zai ƙare a gindin waya ba, ya tafi birni aikin ƙera motoci. Muna da wata magana a nan, cewa hofen na so ya ga maigidansa kowace rana, kuma Korbinian ya riƙe ta kamar Fada ne ya karanto masa ita a coci. Da ɗan nasa ya sa ranar aurensa a ƙarshen Agusta, sati ɗaya kafin girbi, Zenta ita kaɗai ta hau jirgin ƙasa. Uban ango yana lambu yana duba ganye.

Babban abokinsa shi ne Blasius, mai gidan giyar ƙauyen, wanda kowa ke ce wa Blasi. Benci ɗaya suka zauna a makaranta, bulala ɗaya suka sha. Blasi gajere ne mai tumbi, mai saurin dariya da saurin gumi, mutumin kirki wanda bakinsa bai iya furta a'a ba. Ya gaji tukunyar tagulla daga ubansa, kuma tun zamanin iyayensu hofen ɗin gidan Haslbeck ake zubawa a cikinta. Kowane Satumba, in an gama girbi an busar da fure, Blasi zai hau benen shanya na Korbinian yana haki, ya shimfiɗa shuɗiyar takarda a bakin taga, ya zuba cikin hannu ɗaya a kai. Ya duba launi, ya fasa fure biyu uku, ya murza, ya cusa hanci a tafukansa ya rufe ido. Sai ya ce, "Korbi, babu kamarta." Su tafa. Mai hatimin gunduma ya zo a ɗinke buhuna ya buga musu jan hatimi, a kai su gidan Blasi. Ran Lahadi kuwa, in an taso daga coci, mu taru a gidan Blasi a teburinmu na kusa da murhu, Korbinian ya ɗaga kofinsa, ya hure kumfa, ya shinshina kafin ya kurɓa, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Kun ji ta? Tawa ce wannan."

"Mun ji, Korbi, mun ji. Sha ka bar mu mu sha."

Haka aka yi ta yi shekara da shekaru, kuma ba na jin a lokacin akwai wanda ya fi shi wadatar zuci a gundumar nan.

Cutar yaushi ta shigo lambun ubansa a watan Yulin 1961. Ganye ya fara rawaya daga ƙasa, ya bi sama, cikin kwana goma tsiron da ya kai ƙarshen waya ya zama busasshiyar igiya, ka taɓa shi ganye ya zubo maka a ka. Ba shi kaɗai ba ne, rabin gundumar ta kamu. Malamin gona ya zo da jakarsa, ya yanka kara ɗaya ya nuna masa yadda cikinsa ya koma ruwan ƙasa. Ya ce abin a cikin ƙasa yake zaune, ta saiwa yake shiga, kuma ba shi da magani a kanti. Ko dai a tumɓuke a ƙone a bar wurin ga ciyawa na tsawon shekaru, ko a dasa sabon irin da aka kawo daga Ingila, wanda cutar ba ta cika kayar da shi ba.

'Yar Ingila, haka muka raɗa mata. Ƙatuwa ce mai kaurin kara, tana cika buhu biyu a inda 'yar gida ke cika ɗaya, ɗacinta kuma ninki ne, don haka manyan masu dafa giya na birni suka yi mata caa. Wanda ya fara dasa ta a ƙauyenmu Vitus ne, ƙanin Zenta, mutum mai son sabon abu da son a san ya yi. Ran Lahadin da ya kawo furenta na farko ya baje a kan tebur, Korbinian ya ɗauki ɗaya da yatsu biyu kamar mai ɗaukar mataccen ɓera, ya kai hanci, ya ture.

"Vitus, kyanwar gidanku ce ta yi maka fitsari a aljihu?"

"Yi dariyarka, mijin yaya. Fitsarin kyanwar nan shi zai saya mini sabuwar tarakta. Taka sarauniyar me ta saya maka bana, ban da ashanar ƙone ta?"

"Ni ba tarakta nake nomawa ba. Tambayi Blasi abin da ke cikin kofin da kake sha kana lashe baki."

"To, a juri zuwa rafi," in ji Vitus, ya kwashe furensa ya mayar aljihu.

Dabarar da Korbinian ya ɓullo da ita, a ido, dabara ce mai kyau. Tunda cutar a ƙasa take, sai ya gudu da 'yar gida zuwa ƙasar da ba ta taɓa ganin hofen ba. Kafin girbi yakan bi layi-layi yana ɗaura jan ƙyalle a gindin duk tsiron da ya ga ya tsira kore shar. In Maris ya zo, ƙanƙara ta narke, sai ya tone gindin waɗannan, ya yanki saiwa guntu-guntu da wuƙar ubansa mai ƙotar ƙaho, ya kai sabon wuri ya dasa. Da makiyayar shanunsa ta bakin rafi ya fara. Ya kafa dirkoki, ya ja waya, ya sayar da shanun tunda babu sauran inda za su ci. Shekara ta biyu da ta uku lambun ya yi kyan da masu keke ke tsayawa suna kallo. A ta huɗu ya ga rawaya a layin tsakiya.

Ya ce iska ce ta kawo. Daga baya ya ce tayar taraktar Vitus ce ta kwaso ta zubar masa a hanya, har suka yi wata uku ba sa gaisawa. Malamin gona ya dawo, ya zauna da shi a bakin lambun ya yi masa bayani dalla-dalla.

"Malam Haslbeck, ba biyo ka take yi ba, kai kake goya ta. Tsiron da ka gani kore yana iya ɗauke da ita a saiwa bai nuna ba. Wuƙar nan kuma da kake yanka wannan ka yanka wancan, ita ke raba musu."

Korbinian ya dubi wuƙar, ya dubi malamin. "Wuƙar ubana ce za ta kashe irin ubana? Ɗan nan, koma ofis ka ci gaba da rubutunka."

Daga ranar ya fara tsoma wuƙar a tafasasshen ruwa, a ɓoye, kada a ce ya ji magana. Amma bai fasa ɗibar dashe daga tsohon lambu ba, don in ba daga nan ba, daga ina? Duk maƙwabta sun tumɓuke tasu. Sabo turken wawa, in ji masu iya magana, amma ni ban taɓa iya kiran Korbinian wawa ba. Mutum ne da ya ga abu ɗaya mai kyau a rayuwarsa, ya kasa yarda cewa zai iya ƙarewa.

Bayan makiyaya sai gonar gadon Zenta, inda suke noman alkama da dankali. Ta bi bayansa da kwandon dashe. Wuraren da ya bari a baya kuwa, da ya dasa musu 'yar Ingila da hannunsa gara ya ba da su haya, kuma Vitus ne ya karɓa. Saboda haka kowace safiya Korbinian na wucewa ta gefen lambun ubansa, ya ga baƙuwa ta cika wayoyin tana rangaji, ya kawar da kai ya ƙara sauri.

Buhunan da yake kai wa Blasi suka yi ta raguwa, daga arba'in zuwa ashirin, daga ashirin zuwa abin da amalanke ke ɗauka a sawu ɗaya har da sauran wuri. Furen ma ya ƙanƙance ya yi ja-ja a gefe, don tsiron da ke fama da ransa ba ya haihuwar kirki. Duk da haka kowane Satumba Blasi zai hau benen, hakinsa ya fi na bara, ya shimfiɗa shuɗiyar takarda, ya rufe ido ya ce babu kamarta. Maganar nan ita ce guzurin Korbinian na shekara, da ita yake shiga sanyi ya fito.

A kakar 1977 gonar Zenta ta bi sauran. Buhu biyar ya samu. Ƙasa mai lafiya da ta rage masa a duniya ita ce filin bayan gida, inda tuffa goma sha huɗu ke tsaye shekara ashirin da bakwai.

Bai faɗa mata kai tsaye ba. Ta hango shi ne ta taga da safe yana auna filin da taku, yana ratsawa tsakanin bishiyoyin kamar ba ya ganinsu. Da ya shigo cin abincin rana ta ajiye masa kwanon kabeji mai tsami da dunƙulen burodi, ta tsaya a kansa.

"Taku nawa ka samu?"

"Layi tara zai ɗauka. Goma in an matsa."

"Korbi, shanu suka tafi ban ce uffan ba. Na ba ka gonata ban ce uffan ba. Waɗannan uwata ce ta ɗaure mini su a tsumma da hannunta."

"Tuffa ana samu a kasuwa, Zenta. 'Yar gida kuwa in ta mutu a hannuna, ta mutu ke nan. Blasi da me zai dafa? Giyar garin nan shekara ɗari da ita aka san ta."

"Ka tambaye shi?"

"Me zan tambaya? Kowace shekara da bakinsa yake faɗa."

Ran Lahadin da ta biyo, Zenta ta yi abin da ba ta saba ba. Ta gasa kek ɗin tuffa, ta tare Blasi a ƙofar coci ta ce lallai ya biyo da la'asar ya ɗanɗana. Ya zo da hularsa a hannu. Ta yanka masa babban yanki, ta zauna tana fuskantarsa, ta harɗe hannuwa.

"Blasi, mijina zai sare itatuwana saboda tukunyarka. Ga ka, ga shi. In akwai abin da za ka faɗa masa, yau ce ranar."

Gumi ya karyo wa Blasi, alhali ƙanƙara na zuba a waje. Ya dubi Zenta, ya dubi kek, ya goge wuya da hankici.

"To, ai itatuwa abin tausayi ne, Korbi. Ko za ka ɗan huta bana? Shekaru sun ja, gwiwoyin nan namu ba kamar da ba."

"Bar zancen gwiwa, tumbinka ne ya danne naka. Abu ɗaya zan tambaye ka. Akwai wadda za ta maye maka gurbinta?"

Korbinian ya kafe shi da ido, irin kallon mai jiran abin da likita zai ce.

"Babu kamarta," in ji Blasi a hankali. "Wannan kam kowa ya sani."

Zenta ta miƙe ta ɗauke farantin daga gabansa, ko rabi bai ci ba, ta fita ta juye wa aladu.

A watan Fabrairu ya sare su. Ya nemi Vitus ya kama masa zarto, Vitus ya ce ko hannunsa zai ruɓe ba zai taɓa itacen yayarsa ba. Shi kaɗai ya yi, kwana huɗu, da yatsunsa takwas. Zenta ta koma ɗakin gaba ta ƙure rediyo, amma duk faɗuwar bishiya sai tagogin gidan sun amsa. Ni kaina na bi ta wurin a rana ta uku, na ji ƙarar zarto, na sa kai na wuce kamar ana kirana a gaba. Ya tumɓuke kututture, ya kafa dirkoki, Maris na kamawa ya dasa layi goma.

Itacen tuffa ba shi da na biyu wajen bandar naman alade, Korbinian kuma ba ya son asara. A ƙarshen Afrilu ya loda amalanke ya ja da ƙaramar taraktarsa zuwa gidan Blasi, kyauta, ya ce ya bushe a can kafin lokacin yanka. Hantsi ne, Blasi na can gaba yana fama da masu kawo sha'ir. Korbinian ya zagaya ta baya inda ake tara itace ya tarar wurin a cike, sai ya ce bari ya hau bene ya ga ko akwai sarari. Rabonsa da benen nan ya kusa shekara goma, don kullum a ƙofa ake karɓar masa kaya, a ja shi ciki a cika masa kofi.

Yana tura ƙofar, hancinsa ya riga idonsa. Warin da ya cika benen ba na 'yar gida ba ne. Buhuna ne a jere, wasu a buɗe an ci rabinsu, kowanne da lambar gidan Vitus. Can a lungu, ƙarƙashin tsohon bargon doki, ya ga tudun wasu. Ya yaye bargon. Nasa ne guda biyar, ɗinkinsu bai motsa ba, jan hatimin Satumba na nan yadda aka buga shi. Wata bakwai ke nan, an dafa giyar Kirsimeti, an dafa ta azumin Ista, ba a warware musu ko zare ɗaya ba.

Yana nan tsaye ya ji hakin Blasi a matakala.

"Korbi, me ya hawo da kai nan? Sauko mana, ƙura ce kawai a..." Ya ga bargon a ƙasa, sai maganar ta maƙale.

"Tun yaushe?"

"Zo mu zauna tukuna, in zubo maka..."

"Blasi. Tun yaushe?"

Blasi ya zauna a kan buhun Vitus. "Shekara tara."

"Tara."

"Ba ta isata, Korbi, kuma ƙarfinta ya tafi. Tukunya biyu suka yi mini tsami a wata ɗaya, na zubar a kwata. Shekarar farko rabi da rabi na haɗa. Ran Lahadi na kawo maka kofi, na ce a raina yau kashina ya bushe. Ka shinshina, ka kurɓa, ka ce ta bana ta fi ta bara. Shekarar da ta biyo ban sa taka ko fure ɗaya ba, ka sake faɗar haka. To, ta ina zan fara?"

"Nawa buhunan fa? Ina kake kai su?"

"Akwai wani a birni mai ɗinka filo na masu rashin barci. Da ita yake cusawa. Yana zuwa a Mayu."

Korbinian ya yi wata 'yar dariya marar daɗin ji.

"Amma fa ka duba," Blasi ya yi sauri ya ce, "wadda nake sawa ɗin ma a lambun ubanka Vitus ke noma ta. Ƙasarku ce dai. Kuma ƙamshin taka, na rantse da kabarin uwata, a hannu har gobe yana sa ni rufe ido. A tukunya ne ba ta..."

"Ka zauna a teburina ka ci tuffar matata."

"Na so in faɗa. Allah ya sani na so. Na dubi fuskarka na kasa."

Korbinian bai zage shi ba, kuma da ya zage shi da ya fi wa Blasi sauƙi. Ya ɗauki bargon ya mayar a kan buhunan, ya gyara gefe da gefe, ya sauka. Itacen ma sai da ya sauke shi tsaf ya jera a bakin ƙofa, sannan ya tafi. Abin da ya fi ci masa rai a hanya, kamar yadda ya faɗa wa Vitus daga baya, ba ƙaryar Blasi ba ce, hancinsa ne. Lahadi sama da ɗari huɗu yana ɗaga 'yar Ingila sama a gaban jama'a yana cewa tasa ce.

Ya tarar da Zenta a kicin tana feraye dankali. Rana ta cika ɗakin fal, don babu sauran inuwa a bayan gida. Ya zauna bai cire takalmi ba.

"Na hau benen Blasi."

Wuƙarta ta tsaya, sannan ta ci gaba. Daga nan ya gane.

"Ke ma kin sani."

"Matarsa ce ta faɗa mini, shekara huɗu ke nan, muna sharar coci."

"Vitus fa?"

"Shi ke sayar masa, Korbi."

"'Yan tebur?"

"Kowa ya sani. Har Fada."

Gaskiya ta faɗa, duk mun sani. Ba mu taɓa zama mun ƙulla ba. Kowa dai ya ga Blasi ya yi shiru, shi ma ya yi, muna kiran abin tausayi. Yau in na tuna kunya ce ke rufe ni, don tausayin da zai bar mutum ya cinye gonakinsa ɗaya bayan ɗaya ba tausayi ba ne, gudun ɓacin ran Lahadi ne kawai.

"Kina kallo na ɗauki zarto," in ji Korbinian. "Kalma ɗaya, Zenta. Kwana huɗu ina yanka kina jin rediyo."

"Na kawo maka shi har gida don ka ji daga bakinsa. Daga nawa bakin cewa za ka yi itatuwana nake karewa."

"Da kin gwada."

"Na yi ta aunawa har na rame. Na ce in na karɓe maka wannan, me zai tashe ka da safe? Sai na zaɓe ka, na bar su."

"Da kin faɗa mini, da na bari."

Ta ajiye wuƙar, ta goge hannu a gaban rigarta, ta dube shi sosai, kallon da ta daɗe ba ta yi masa ba.

"Da ka bari?"

Ya buɗe baki zai amsa. Ta taga ana hango layukan nan goma, tohon farko ya fasa ƙasa. Ya tsaya yana kallonsu, ita kuma ta tura dankalin a tukunya.

Sati biyu bayan haka toho ya isa ɗorawa a waya, aikin da ba ya jiran fushin kowa: a zaɓi uku masu ƙarfi a kowane gindi, a naɗa su ta hannun da rana ke bi, a cire sauran. Aka ga Korbinian a durƙushe a bayan gida tun da sassafe yana naɗawa. Bai ƙara taka gidan Blasi ba, kujerarsa ta teburinmu kuma babu wanda ya iya zama a kai. Shekara huɗu ya yi yana girbe layukan nan, ya busar, ya ɗura a buhu ya jera a benensa, ba mai saye, shi ma ba ya nema. A ta biyar rawaya ta fito, kuma a wannan karon babu sauran ƙasar da zai kai ta. Bai ga wani Maris ba, a sanyin shekarar muka binne shi.